Sannun Masu Yauƙi

Har gobe idan na ga littafi mai hoton kumbo a bango sai na ji zuciyata ta tashi, kamar na bi ta kusa da kwata. Mutane kan ɗauka ko ba na son karatu ne, ko kuwa ina cikin masu cewa kallon fim aikin banza ne. Ko ɗaya. Littafi guda ne ya ja wa sauran, kuma Baba ne ya shigo mana da shi gida da hannunsa, yana ta murna.

Lokacin muna zaune a Garki, Eriya Tu, a benayen ma'aikatan gwamnati. Mu huɗu ne a gidan: Baba da ke aiki a wata ma'aikata, da Umma, da ni, sai ƙanena da na ba 'yan shekaru. A samanmu Yarbawa ne, masu kallon ƙofarmu Inyamurai, a ƙasa kuma wasu mutanen Binuwai. Da ka sauko matakala Turanci ne da buroka, shi muke yi a wajen wasa, shi muke yi a makaranta. Amma Umma tana da doka. Takalmi da Turanci, in ji ta, a bakin ƙofa ake tuɓe su.

Umma mace ce da ba ta bari gaisuwa ta faɗi ƙasa. Ko mai karanta labarai ne a rediyo ya ce jama'a barkanmu da war haka, daga kicin za ka ji ta ce barka kadai. Mun sha yi mata dariya, mu ce ai ba ya jin ki. Sai ta ce ita dai ta ji shi. Sannu kuwa a bakinta ba ta ƙarewa. Ka yi tuntuɓe, sannu. Ka dawo makaranta, sannu. Famfo ya ɗauke ka hawo da bokiti, kowane hawa da sannunsa. Ƙanena shi ya gaje ta. Ni dama tun ina ƙarama bakina da nauyi wajen daɗin baki, da sauri wajen faɗa. Shi kuwa zai leƙa kicin ba don komai ba, ya ce, "Sannu da aiki, Umma," ya koma wasansa. Takan ce wannan da sannu a baki aka haife shi, shi ne zai riƙa tambayar jikinta in ta tsufa.

A lokacin akwai wani fim na yaƙin duniyoyin sama da ya haukata yaran unguwa. Kaset muke arowa a shagon haya, ƙanena ya kalla ya maimaita har hoton ya fara rawa. Ya haddace kowane kumbo da kowace bindiga. A cikin fim ɗin akwai wasu halittu da ke zaune a can ƙarƙashin babban kumbon, inda duk ƙazantar mutanen ciki ke gangarawa. Ƙattai ne, ba wuya, jikinsu kore-kore yana ɗigar da wani abu kamar miyar kuɓewa. Sau ɗaya ake nuna su, na ɗan lokaci, ba sa magana sai gurnani. Mu muka raɗa musu suna masu yauƙi.

Littafin ba labarin fim ɗin ba ne. Irin waɗannan ne da ake sa wani ya rubuta don a ƙara tatsar masu kallo, wai abin da ya faru tsakanin fim na farko da na biyu. Baba ya same shi wajen wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da tashar Eriya Wan, irin waɗanda Turawan Maitama ke zubarwa in za su koma ƙasarsu. Ya sha ruwa ya kumbura, yana warin gumi da rima, a tsakiyarsa ma akwai busasshen kyankyaso da ya manne da takarda, sai da muka kankare shi da tsinken tsintsiya. Ƙanena bai damu da wannan ba. Ya rungume shi sai ka ce an ba shi kujerar Makka.

Wata Asabar bayan la'asar yana kwance rub da ciki a falo yana karantawa da ƙarfi, don haka yake karatu, yana bin layi da yatsa. Ya kai wurin da jarumin labarin ya faɗa ramin ƙazantar nan, masu yauƙi suka kewaye shi. A littafin marubucin ya ba su baki, ya rubuta maganarsu da karkatattun haruffa. Ƙanena ya tsaya yana haɗa baƙi.

"San… san-nu. Sannu."

Daga kicin Umma ta ce, "Yauwa, sannu kadai."

Ya yi zumbur ya tashi zaune. "Yaya! Yaya, zo ki gani, Hausa suke yi!"

Na karɓa na duba. Gaskiyarsa. Ga sannu, ga madalla, ga lafiya lau, ga ina kwana, an watsa su a shafi ba kai ba gindi. Wani dodo ya ce ina kwana, ɗan'uwansa ya amsa da kawo abinci. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Baba ya fito daga ɗaki ya sa tabarau ya duba, bakinsa ya ƙi rufuwa. "To, kun gani ko? Hausa ta kai har duniyar taurari. Ku da kuke raina ta." Ranar har maƙwabcinmu na sama ya kira ya nuna masa.

Ni na fi ƙanena saurin Turanci, don haka da suka lafa na ɗauki littafin na juya shafi. A nan marubucin ya yi bayanin abin da sannu take nufi a bakin halittun nasa. Wai ba gaisuwa ba ce. Wai ƙara ce da ke fitowa daga maƙogwaronsu idan za su kelaya wa abincinsu amai don ya yi laushi kafin su tsotse, yadda ƙuda ke yi. Abincin kuwa mutum ne. Ya ɓata shafi guda cur yana kwatanta launin aman da ɗuminsa da yadda yake dalala a fuskar jarumin, kuma kowane dodo kafin ya yi nasa sai ya ja sannu tukuna. Kalmar da Umma ke shafa mana a kan ciwo, ita wani ƙato ya ɗauka ya tsoma a cikin amai.

Na ce wa ƙanena, "Kada ka kai littafin nan makaranta."

"Saboda me?"

"Saboda na ce."

"Baƙin ciki kike yi don ni aka sayo wa."

Na nuna masa shafin. Ya karanta ya yamutsa fuska, ya ce ai ba wanda zai kai nan, shi dai zai nuna musu ne cewa yarenmu yana cikin littafin fim, na wa ke ciki? Ran Litinin ya cusa shi a jaka. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho, amma yaro ne, kuma alfahari ne ya ɗebe shi, ban taɓa ganin laifinsa a wannan ba.

Makarantarmu ta kuɗi ce, a nan Garki, kowace ƙabila akwai, Hausawa ba mu da yawa. Kafin a fita tara littafin ya zaga ajinsu, kuma ba shakka wani ya kai shafin. Da na fito na hango shi a tsakiyar fili, yara sun yi masa zobe. Kowa ya kama maƙogwaro da hannu biyu, ya zaro ido, ya ja murya, "Sannuuu," sannan ya yi kakarin amai ya sunkuyo kansa. Wani ma har da cika baki da ruwa ya feso masa a riga. Shi kuwa yana tsaye yana ɗan murmushi, irin na wanda bai gama gane cewa da shi ake ba.

Abin bai tsaya ranar ba. Ya zama wasan makaranta. Ya shigo aji, sannuuu. Malama ta kira shi allo, wani daga baya ya yi ƙaramin kakari. Akwai wani dattijo mai sayar da rake a bakin ƙofar makaranta, da ma aboki suke ce masa, shi ma suka fara yi masa. Bawan Allah yana feraye rakensa yana amsawa, "Yauwa, sannunku 'yan makaranta, an tashi?" Su kuwa su tuntsire da dariya. Har yanzu ban manta fuskar dattijon nan yana amsa musu da zuciya ɗaya ba.

Na kama babban cikinsu, wani mai kumatu, na zaune shi a ƙasa na cika masa baki da yashi. Ban yi nadama ba, yau ma in aka maimaita zan ƙara masa. Aka kai mu ofishin shugabar makaranta. Na kai mata littafin na buɗe shafin. Ta karanta, na ga kafaɗunta suna motsi, ta sa hannu ta rufe baki. Da ta gama ta ce da ni cikin Turanci ai labari ne kawai, in koyi ɗaukar wasa. Ni aka ba shara ta mako.

A gida ba mu lura da wuri ba. Sai wata safiya Umma tana suyar doya, mai ya fantsamo mata a bayan hannu, ta yi ƙara ta saki cokali. Ƙanena ne a kusa. Ya ruga, ya kama hannun, na ga bakinsa ya buɗe, ya tsaya. Can ya ce, "Sori, Mami."

Umma ta bar kallon hannun ta kalle shi. "Me ka ce?"

"Sori."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta sa hannun a ruwa ta ci gaba da suya. Bayan ya fita ta tambaye ni a hankali, ko ta yi masa wani laifi ne, don ta kwana biyu ba ta ji ya leƙo ya gaishe ta da aiki ba. Na kwashe labarin duka na gaya mata, har da aman. Ta juya doya, sannan ta ce, "To, sai me? Ai ko dodo ne ya yi maka sannu, ka amsa ka wuce." Ita a ganinta magana ta ƙare ke nan. Baba kuwa da na kai masa ƙara dariya ya yi, ya ce yarinta ce, zai daina. Na ce a raina, ice dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wa zai saurari 'yar firamare.

Haushi ya ishe ni, na ɗauki littafin na jefa a kwandon shara, na juye ɓawon doya da ruwan wanke-wanke a kai. Da yamma na tarar da Umma a baranda tana goge shi da tsumma, shafi-shafi. Na ce, "Umma, ƙazantar nan kike taɓawa?" Ta ce ta ga an rubuta madalla a ciki, kuma madalla akwai sunan Allah a jikinta, ba za a kai sunan Allah juji daga gidanta ba. Ta shanya shi ya bushe, ta naɗe a leda ta ɗora a saman kabad, can inda take ajiye abubuwan da take girmamawa. Haka muka ci gaba da kwana da tashi, littafin aman nan yana bisa kanmu.

Yaran makaranta sun gaji sun sami wani abin wasan, kamar yadda yara ke yi. Ƙanena ne bai dawo ba. Da farko sannu ce kawai ta fita daga bakinsa. To amma ita Hausa ta gaisuwa ake shigarta, wanda ya ƙi gaisuwa ta ina zai shiga? Ina kwana ta bi bayanta, sai barka da dawowa, sai ya zamana Umma ta yi masa magana da Hausa ya amsa da Turanci, dokar bakin ƙofa ta mutu ba wanda ya yi mata jana'iza. Yana ji sarai, ko habaici ka yi masa zai gane. Faɗa ne ba ya yi. Ya tafi sakandare ta kwana, ya tafi waje karatu, ya dawo ya sami babban aiki, ya auri wata 'yar Hausawan Abuja irinsa, suka tare a Maitama, gidan da ko kyanwarsu da Turanci ake korarta.

Kada a ce na ce mugun ɗa ne. Bayan rasuwar Baba duk abin da Umma ke buƙata kafin ta buɗe baki ya aiko direba da shi. Kullum sai ya kira ta a waya. "Mami, hawa yu?" Ita kuma ta ce, "Yauwa, lafiya lau, ya aiki?" Ta amsa gaisuwar da ba a yi mata ba. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, ni take yi wa, shi ma a kaikaice. In baƙo ya tafi sai ta ce, "Yaron nan ya iya gaisuwa, kamar ƙanenki da yana ƙarami." Na taɓa tare shi a mota na ce, don girman Allah, kalma ɗaya ce, me za ta rage ka da shi? Ya ce da ni cikin buroka, "Yaya, abeg, ki bar maganar nan." Ya ƙara ƙarar rediyo.

Shi kuwa marubucin, na sha zama ina ƙiyasta shi. Ban san shi ba, ban ma riƙe sunansa ba, kuma ba na so. Ina ganinsa a wani ɗaki mai sanyi, an ba shi kwangila ya cika shafuka, ya miƙa hannu ya jawo wani ɗan littafin koyon gaisuwa na matafiya, yana bin kalmomi yana neman wadda za ta yi daidai da kakarin amai. Bai tsane mu ba, da ma tsanar ce da na fi jin daɗi. Bai ma san akwai masu ita ba. Ya ɗauka ya yi amfani da ita yadda mutum kan yagi takarda ya fyace majina, ya wuce. Tir da shi, tir da wanda ya buga, tir da wanda ya haye teku da wannan shara har ta iso falonmu.

Da aka dawo da fim ɗin a 'yan shekarun nan, sai na ji wai masu yauƙi sun zama abin so. An rage musu girma, an ƙara musu ido, an sa musu maganar nan ta littafi a baki, ana sayar da 'yartsanarsu ta roba a manyan kantuna. Ban je na kalla ba, ban kuma yi zaton abin zai sake biyo ni gida ba.

Bara aka yi wa Umma aikin yanar ido. Ɗayan idon da ma ya daɗe da dushewa, kunnen ma sai an ɗaga murya. Daga asibiti gidana na kawo ta, a Utako, aka kwantar da ita da bandeji a fuska. Masu dubiya suka yi ta zuwa, 'yan'uwa da tsofaffin maƙwabtan Garki, har matar Bayarben nan ta sama, da 'yar Hausarta ta kasuwa. Sannu Hajiya, ya jiki, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Umma tana kwance tana gane kowa da murya, tana amsa wa kowa tasa. In ɗaki ya yi shiru sai ta juyo wajena ta ce, "Bai zo ba?"

Ya zo da yamma, daga ofis, da 'yarsa ƙarama. Yarinyar tana rungume da wani koren abu na roba mai ƙaton ciki. Kallo ɗaya na yi masa na gane shi. Ƙanena ya tsaya a gefen gado, ga furfura ta fara fito masa a gemu, ya ce a hankali, "Mami, hawa yu filin?" Ba ta ji ba. Yarinyar ta matso tana leƙen bandejin kakarta, ta jingina da gado, cikin abin ya matsu. Sai ga murya ta fito, a shaƙe, tana karkarwa.

"Sannuuu."

Ƙaramin kakarin da ya biyo baya bai kai kunnen Umma ba. Fuskarta ta washe gaba ɗaya, rabon da in ga haka tun Baba na da rai. Ta miƙo hannu tana lalube har ta kama hannun rigarsa.

"Yauwa, sannu kadai, ɗan albarka. Sannu. Kai ne?" Ta ƙara riƙe shi. "Muryarka ta dishe, mura kake yi?"

Yarinyar ta buɗe baki za ta yi dariya, na harare ta ta haɗiye.

Umma ta ce, "Sake faɗa mini in ji. Kunnen nan ba ya ɗauka sosai."

Na kafe shi da ido. Ban taɓa roƙon mutum da ido kamar ranar ba. Ga uwarsa a kwance, ga kalmar an riga an buɗe masa ƙofarta, ba yaran makaranta, ba kowa, daga ni sai 'yarsa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na ga leɓɓansa sun rabu, harshensa ya taɓo haƙora. Na ce a raina, ya Allah.

Sai ya miƙa hannu ya karɓi robar daga hannun 'yarsa, ya sunkuya, ya kai ta daidai kunnen Umma, ya matsa cikinta.

Umma ta sake amsawa.